Idan Wuta Ta Ja Ma'aikaci: Agajin Mintunan Farko

Shirin filin lafiyar ma'aikata na yau ya shafi abin da ya kamata a yi wa mutumin da wutar lantarki ta ja a wurin sana'arsa, tun daga lokacin da abin ya auku har zuwa lokacin da za a danƙa shi a hannun likita. Maganar ba ta tsaya kan ma'aikatan kamfanin wuta masu hawa falwaya ba, domin mai walda da mai injin markaɗe da mai gyaran firji da mai shagon cajin waya da birkilan da ke ɗaga rodi a saman bene duk kusa da wuta suke yini, kuma a ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, wanda ke tsaye kusa da shi abokin aikinsa ne, ba likita ba. Shirin zai fara da bayanin yadda wuta ke yi wa jiki illa, daga nan ya shiga yadda ake raba mutum da ita, sannan ya daɗe a kan danna ƙirji, domin a nan ne ake ceton rai ko a rasa shi, kafin ya waiwayi ƙuna da karaya da nauyin da ke kan mai wurin aiki.

Ga kashi na farko, wato yadda wuta ke yi wa jiki illa. Akwai kalmomi guda biyu da masu aikin lantarki ke yawan ambata, bolt da amfiya, kuma hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce a kwatanta wuta da ruwan tankin da aka ɗora a sama. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuwa ita ce yawan ruwan da ke gudana a cikin bututu. Wutar da ke shiga gidaje da shaguna a Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, ta Nijar kuma bolt 220, kuma dukkansu suna kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Injunan niƙa da manyan injunan masana'antu masu layi uku suna aiki da kimanin bolt 400. Wayoyin da ke bin titi zuwa taransifoma suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, manyan layukan da ke kan dogayen turakun ƙarfe kuwa suna ɗauke da bolt 132,000 ko 330,000. A wajen likitoci, duk wutar da ta haura bolt 1,000 babbar wuta ce, kuma hukuncinta daban ne, kamar yadda za a ji nan gaba.

Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki da hanyar da ta bi da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka, kuma adadin da ake magana a kansa ƙanƙane ne ƙwarai, har sai an raba amfiya ɗaya gida 1,000 kafin a iya auna shi, kowane kaso ana kiransa miliamfiya. Mutum yana fara jin tsikarin wuta daga kimanin miliamfiya 1. Idan ta kai tsakanin 10 zuwa 16, tsokokin hannu sukan ƙanƙance su damƙe wayar, ta yadda duk son da mutum yake yi ya saki ba zai iya ba, kuma wannan shi ne abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce wuta ta riƙe wane. Wani malamin lantarki a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Charles Dalziel, shi ne ya yi suna wajen auna wannan iyaka. Idan wutar ta kai tsakanin miliamfiya 50 zuwa 100 kuma ta bi ta ƙirji, tana iya dagula bugun zuciya, zuciyar ta daina matsa jini ta koma karkarwa kawai. Wannan karkarwar zuciya ita ce ke kashe mafi yawan waɗanda wutar gida ko ta shago ta hallaka, kuma sau da yawa ba a ganin ko ɗigon jini a jikinsu.

Fatar mutum ita ce katangarsa, amma katanga ce da ruwa ke rusawa. Busasshiyar fata mai kanta, irin ta tafin hannun maƙeri, tana tare wuta sosai, har turjiyarta kan kai om 100,000, om kuwa shi ne ma'aunin yadda abu ke hana wuta wucewa. Idan fatar ta jiƙe da zufa ko ruwa, turjiyar tana iya sauka zuwa kimanin om 1,000, kuma da lissafi mai sauƙi za a ga cewa bolt 230 a kan jiƙaƙƙen jiki yana tura miliamfiya 230, wato fiye da ninki biyu na abin da ke tsayar da zuciya. Shi ya sa soket ɗin da ya ɗan tsikari mutum da hunturu yake iya kashe shi da bazara, lokacin da riga ke manne da baya saboda gumi, kuma shi ya sa haɗarin ya fi yawa a gidan ruwan leda da gidan ƙanƙara da wurin wankin mota da wurin markaɗe, inda daɓe ba ya bushewa, ma'aikata kuma suke yawo da silifas ko ma ba takalmi. Hanyar da ta fi muni ita ce wuta ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ko ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa, domin a duka biyun zuciya tana tsakiya.

Masu sauraro, yanzu sai kashi na biyu, wato raba mutum da wuta. Ƙa'idar farko gajera ce, kuma za a maimaita ta: ba a taɓa mutumin da wuta ke riƙe da shi. Ba a taɓa shi da hannu, ba a jan rigarsa, ba a rungumo shi, ko da ɗan cikin mutum ne, domin muddin yana haɗe da wayar to jikinsa ya zama wani ɓangare nata, kuma wanda ya cafke shi ya shiga layi. Tausayi ne ke sa a yi wuf a kai hannu, amma irin wannan wuf ɗin shi ke mai da gawa ɗaya biyu. Abin da ake fara yi shi ne a kashe wutar daga tushenta, a zare fulogi idan yana kusa kuma wayarsa ba ta saɓule ba, ko a sauke babban makunnin da ke kusa da mita, ko a cire katawut.

A nan akwai wani abu da ya keɓanci wuraren aikin ƙasar Hausa, wanda littattafan agajin farko na Turai ba su cika damuwa da shi ba. A shago ɗaya ana iya samun wutar kamfani da janareta da sola da inbata mai batura, duk an haɗa su a kan waya guda, saboda haka sauke makunnin mita ba lallai ya kashe wutar ba, domin inbata tana karɓar aiki nan take ba tare da ko fitila ta ƙifta ba. Faifan sola kuwa, muddin rana na dukansa, yana ci gaba da fitar da wuta ko an kashe komai a cikin ɗaki. Wasu na'urori, irin su na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa, suna da wani ɗan kurtu da ake kira kafasita, wanda ke ajiye wuta a cikinsa bayan an zare fulogi. Haka kuma janaretan maƙwabci da aka jona ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya mayar da wuta cikin wayoyin titi, ta je ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya da yaƙinin cewa layin a mace yake. Mafi haɗari duka shi ne dogaro da cewa an ɗauke wuta. Ɗaukewar wuta ba kashe wuta ba ne, domin wanda ya ɗauke ta ba ya sallama kafin ya dawo da ita.

Idan makunnin ya yi nisa ko ba a san inda yake ba, kuma wutar ta gida ce ko ta shago, mai agaji zai tsaya a kan busasshen abu da wuta ba ta bi, kamar katako ko tabarmar roba ko tarin kwali, sannan ya ɗauki busasshiyar sanda ko tabarya ko ƙotar shebur ta itace ko kujerar roba, ya ture wayar daga jikin mutumin, ko ya ture hannun mutumin daga injin. Ɗanyen ice da jiƙaƙƙen tsumma da duk wani ƙarfe ba su da amfani a nan, domin wuta na bin su. Ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin masu sana'a, cewa wai wanda wuta ta kama sai an maka masa katako kafin ta sake shi. Aikin sandar turewa ne, ba duka ba, kuma dukan ba ya ƙara komai sai karayar hannu ko fashewar kai a kan ciwon da ake da shi. Da zarar an raba mutum da wayar, babu sauran wuta a jikinsa, jikin ɗan Adam ba batir ba ne, don haka ana iya taɓa shi nan take ba tare da fargaba ba. Babu dalilin binne shi a cikin yashi ko kwantar da shi a ƙasa a ce ana jira ƙasa ta zuƙe wutar, domin lokacin da ake ɓatawa a wannan jiran shi ne lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke mutuwa.

Hukuncin babbar wuta daban ne gaba ɗaya. Idan rodi ko tsani ko kan tifa ya taɓa layin bolt 11,000 ko 33,000, ko waya ta tsinke ta faɗo ƙasa, to sanda ba ta kare kowa, safar hannu ta kasuwa ma ba ta kare kowa, domin irin wannan wuta tana tsallake iska ta sami mutum tun bai taɓa komai ba, kuma tana bazuwa a cikin ƙasa kewaye da inda wayar ta faɗi. Masu koyar da agajin farko suna umartar a tsaya nesa da aƙalla mita 10, wasu littattafan Birtaniya ma sun ce mita 18, a hana jama'a matsowa, a kira kamfanin rarraba wutar yankin, KEDCO ne ko na Kaduna ko na Jos ko na Yola ko na Abuja, ko NIGELEC a Nijar, kada kuma kowa ya kusanci wurin sai ma'aikatansu sun tabbatar da bakinsu cewa sun kashe layin. Wanda ya tsinci kansa kusa da wayar da ta faɗi zai haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali ba tare da ɗagawa ba har ya fita, domin faɗin taku yana sa wuta ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Direban da waya ta faɗo wa motarsa ya fi samun tsira idan ya zauna a ciki, sai fa in motar ta kama da wuta, a nan zai yi tsalle ya dira da ƙafafu a haɗe ba tare da ya taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba. Tsayawa nesa alhali ana kallon abokin aiki a kwance abu ne mai ɗaci, amma babu wata dabara da ta fi shi.

Ga kashi na uku, kuma shi ne zuciyar shirin. An kashe wuta, mutum yana kwance. Mai agaji zai durƙusa kusa da shi, ya bubbuga kafaɗunsa, ya kira sunansa da ƙarfi. Idan bai amsa ba, sai a nuna mutum ɗaya da sunansa a ce ya kira lambar gaggawa, 112 a Najeriya, ko 18 ta 'yan kwana-kwana a Nijar, a kuma tura wani ya nemo mota, domin idan aka jefa umarnin cikin taro kowa zai zaci wani ya yi. Sannan a kwantar da mutumin rigingine a kan ƙasa mai tauri, a ɗora hannu ɗaya a goshinsa, a ɗaga haɓarsa da yatsu biyu don hanyar iska ta buɗe, a dubi ƙirjinsa a saurari hancinsa na tsawon da bai wuce daƙiƙa 10 ba. Idan ba ya numfashi, ko kuma yana wani jan iska jefi-jefi mai kama da gargara, to zuciyarsa ta tsaya, kuma wannan gargarar ba numfashi ba ce. A fara danna ƙirji nan take.

Yadda ake yi shi ne, mai agaji ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙasa na ƙashin da ke tsakanin nonuwa, ya ɗora ɗayan hannun a kai, ya sarƙe yatsu, ya miƙe gwiwoyin hannunsa, ya riƙa dannawa da nauyin jikinsa ba da ƙarfin damtse ba. Zurfin kowace dannawa santimita 5 zuwa 6 ne, wato kimanin tsawon kwalin ashana, saurinta kuma sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa, kuma bayan kowace dannawa a bar ƙirjin ya dawo daidai kafin a sake. A sake ji: tsakiyar ƙirji, zurfin kwalin ashana, biyu a kowace daƙiƙa. Wanda ya sami horo zai yi dannawa 30, sannan ya toshe hancin majinyacin ya hura masa iska a baki sau 2 yana kallon ƙirjin yana ɗagawa, ya koma dannawa. Wanda bai sami horo ba, ko yake ƙyamar haɗa baki, ya ci gaba da dannawar kawai ba tsayawa, domin ita ce mafi muhimmanci. Aikin yana da gajiyarwa fiye da yadda ake zato, shi ya sa ake so mutum biyu su riƙa karɓar juna duk bayan minti 2. Wani lokaci akan ji haƙarƙari ya yi ƙara a ƙarƙashin hannu, kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne, domin haƙarƙari yana ɗoruwa. Idan mace ce ta faɗi kuma babu macen da ta iya aikin a kusa, namiji ya yi mata, malamai kuwa sun daɗe da zartar da cewa larura tana da hukuncinta.

Dalilin wannan gaggawa shi ne, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar jini, kuma ƙididdigar likitocin zuciya ta nuna cewa damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba. Hannun mai agaji yana maye gurbin zuciya ne, yana tura jini zuwa kai har taimako ya zo. Abin lura kuma shi ne, ita wannan dabara daga matsalar ma'aikatan lantarki aka samo ta. Wani injiniyan lantarki a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, William Kouwenhoven, ya shafe shekaru yana binciken dalilin mutuwar masu hawa falwaya da tallafin kamfanonin wuta, kuma a cikin wannan aiki ne abokin bincikensa Guy Knickerbocker ya lura cewa danna ƙirjin kare da ƙarfi yana ɗaga hawan jininsa. A shekarar 1960, su biyun tare da likitan tiyata James Jude suka wallafa sakamakon gwada dabarar a kan mutane 20, inda 14 suka rayu, suka kuma nuna cewa aikin ba ya buƙatar komai sai hannu biyu.

Kuskuren da aka fi yi a kasuwanni da garejoji, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa, shi ne a ciccibi mutum a cusa shi a bayan adaidaita sahu ko a tsakiyar mutum biyu a kan babur, a nufi asibiti ana yi masa fifita da yayyafin ruwa. Tafiyar minti 20 a cikin cunkoso ba tare da danna ƙirji ba ta isa ta kai gawa ƙofar asibiti. Inda babu motar asibiti, abin da ya fi shi ne a nemi mota mai shimfiɗaɗɗen baya, a kori kura ko bas, a kwantar da shi a kan daɓenta, a ci gaba da dannawa har a isa. Kuskure na biyu shi ne saurin yanke ƙauna, a dubi idon mutum a ga ya kafe, a ja mayafi a rufe shi. Bayan jan wuta, kafewar ido ba hujjar mutuwa ba ce, kuma yawancin waɗanda abin ke samu matasa ne masu lafiyayyar zuciya, waɗanda suka fi kowa damar farfaɗowa. Addu'a ba ta hana hannu aiki, ana yin su tare, tabbatar da mutuwa kuma aikin likita ne. Ba a dainawa sai mutumin ya motsa ya fara numfashi sosai, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko masu agajin sun gaji matuƙa babu mai canjinsu.

Danna ƙirji yana riƙe rai, amma abin da ke dakatar da karkarwar zuciya shi ne wata na'ura da ke ba ta bugun lantarki mai awo. Akwai irinta ta tafi-da-gidanka da aka ƙera don wanda ba likita ba, wadda ke faɗin abin da za a yi da murya. Ana goge ƙirji ya bushe, a manna faifanta biyu kamar yadda hoton da ke kansu ya nuna, kowa ya janye hannunsa lokacin bugun, sannan a koma dannawa. Na'urar ba ta yawaita ba tukuna a wuraren aikin Arewa, amma masana'antar da ke da ma'aikata ɗaruruwa a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri ba ta da uzurin rashinta. Idan kuwa mutumin yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi a kan gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa don kada harshe ko amai su toshe masa maƙogwaro, a zauna kusa da shi ana lura da numfashinsa.

Kashi na huɗu ya shafi ƙuna da karaya. Ƙunar lantarki mayaudariya ce. Abin da ido ke gani sau da yawa ɗan tabo ne fari ko baƙi a tafin hannu, inda wutar ta shiga, da wani a tafin ƙafa ko gwiwa, inda ta fita, alhali a tsakaninsu ta dafa nama da jijiyoyi a kusa da ƙashi. Naman da ya mutu yana sakin wani sinadari cikin jini wanda ke toshe ƙoda, kuma alamarsa ita ce fitsari ya koma launin baƙin shayi. Gaɓar da abin ya shafa tana iya kumbura ta matse hanyoyin jini, har ta kai ga yankewa idan ba a yi tiyata da wuri ba. Agajin farko shi ne, bayan an tabbatar wuta ta mutu kuma numfashi ya daidaita, a riƙa kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan ƙunar har minti 20, da famfo ko buta ko ledojin ruwan sha, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo da bel kafin kumburi ya zo, kada a ɓanɓare tufar da ta manne da fata, kada a fasa bororo, a rufe wurin da sabuwar leda mai tsabta ko wankakken ƙyalle, sauran jikin kuma a lulluɓe shi. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da baƙin mai da toka da gishiri ba su da gurbi a kan ƙuna, domin suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma sai likita ya kankare su kafin ya ga ciwon, kankarewar da majinyacin ne zai sha zafinta. Haka nan madarar gwangwani da ake ɗura wa wanda wuta ta ja ba ta wanke komai, kuma idan bai gama dawowa hayyacinsa ba tana iya sarƙe shi ta shiga huhu.

Wuta tana fizgar tsoka da ƙarfin da ke iya gocar da kafaɗa ko tsaga ƙashin baya, kuma wanda ta jefo daga tsani ko saman kwano ana ɗaukarsa a matsayin mai raunin wuya har sai hoto ya nuna akasin haka. Idan yana numfashi, kada a ɗaga shi a zaunar, a riƙe kansa daidai da jikinsa, in kuma ɗaukarsa ta zama dole a sa shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Idan ba ya numfashi, danna ƙirji yana gaba da komai. Gobarar da ta tashi daga waya kuwa ba a watsa mata ruwa sai an kashe wutar, ana amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar kabon, ko busasshen yashi.

Akwai kuma wanda wuta ta ja ya tashi ya karkaɗe rigarsa, abokai suka yi dariya, ya koma bakin aiki. Duk wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yake jin ciwon ƙirji ko faɗuwar gaba ko mutuwar gaɓa, ko yake da tabon ƙuna komai ƙanƙantarsa, ko babbar wuta ce ta taɓa shi, dole a kai shi asibiti a ɗauki awon bugun zuciyarsa, a duba fitsarinsa, a yi masa allurar tetanus idan akwai rauni. Mace mai ciki ana kai ta ko da ba ta jin komai, saboda abin da ke cikinta. Ƙuna mai zurfi ta fi ƙarfin kemis, wurinta manyan asibitoci ne masu likitocin ƙuna, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti a Najeriya ƙin karɓar majinyacin gaggawa.

Kashi na ƙarshe yana kan mai wurin aiki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ajiye akwatin agajin farko a inda hannu zai kai gare shi, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa ma'aikatu biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF domin kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sai dai akwati ba ya danna ƙirji, kuma horon yini ɗaya irin wanda Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ke bayarwa ya fi akwatin amfani, abin da ƙungiyoyin masu walda da na 'yan kasuwa za su iya shirya wa mambobinsu a tare. Fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, ba mutum ba, balle fis ɗin da aka naɗe da waya mai kauri don kada ya riƙa tsinkewa. Abin da ke kare mutum shi ne wayar ƙasa mai kyau, da wata bireka ta musamman da ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar miliamfiya 30 ta zurare, wadda ke da maɓallin gwaji a fuskarta. Wanda zai yi gyara kuma ya kashe makunni, ya sa masa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, ya gwada wayar da testa kafin ya kai hannu.

Kiran da shirin ke yi ga kowane maigidan shago da shugaban leburori da ke sauraro shi ne, gobe da safe kafin a tayar da inji, ya tara yaransa har da sabon ɗan koyo da mai shara, ya nuna musu da yatsa inda ake kashe wutar kamfani da ta janareta da ta inbata, ya kwashe kayan da aka jibge a gaban makunnin, sannan ya sa kowannensu ya sauke shi da hannunsa sau ɗaya.